Takardu 300 da hannun likita: yadda ake gane tasirin mai tiyatar kansar hanji

Bayan sallar isha'i muka taru a tsakar gidan Kawu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, aka shimfiɗa tabarmi biyu, aka kashe rediyo. Kwana huɗu ke nan da fitowar sakamakon ɗan naman da aka tsinko daga cikinsa aka kai gwaji, kuma kowa ya riga ya san sunan ciwon ko da ba a furta shi da ƙarfi ba. Kansa ce, a ƙarshen hanji, kamar tsawon ɗan yatsa daga bakin dubura. Wata 8 ya yi yana ganin jini a bahaya yana cewa basir ne, wanda maƙwabtanmu Asante ke kira kooko, yana shan jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a cikin motocin haya da bakin Kejetia.

Ɗansa na biyu, mai sayar da wayoyi a Adum, ya miƙo waya. Wani dillalin kai marasa lafiya ƙasar waje ne ya turo masa bayanin wani likita: farfesa ne, ya wallafa takardun bincike sama da 300, an ambaci aikinsa sau dubbai, ga kuma wata lamba da aka rubuta da manyan baƙaƙe, wai ma'aunin h. Ya ce, "Baba, wannan shi ne likitan. Ko filin Tafo ne a sayar a kai ka." Kawu, wanda ya yi shekara 40 yana fataucin goro, ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, sannan ya miƙo mini. "Kai da ka yi boko, faɗa mini. Takardun nan, me suke cewa a kan hannunsa?"

Tambayar ta hana ni sakat. Na yi makonni ina bin tarihin wannan tiyata, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin gidanmu kaɗai, domin irin wannan zama ana yin sa a Asawase da Sabon Zango da Nima duk lokacin da ciwo mai nauyi ya shigo gida.

Da farko dai, mece ce takardar bincike? Likita ne ya yi wa marasa lafiya aiki, ko ya gwada wata dabara, ya rubuta abin da ya yi da abin da ya biyo baya, ya aika wa mujallar likitoci. Mujallar ta ba wasu masana su duba a ɓoye, in sun gamsu a buga. Idan wani mai bincike ya kafa hujja da takardar a tasa, an ambace ta sau ɗaya ke nan. Ma'aunin h kuwa wani masanin kimiyyar fiziks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. In an ce na mutum 40 ne, to yana da takardu 40 da kowacce aka ambata aƙalla sau 40. Lissafi ne mai sauƙi, kuma yana da amfaninsa, tunda yana raba mai rubutun da ake karantawa da wanda ba a waiwayar nasa.

Sai dai lambar ba ta faɗa maka ko shi ya yi aikin ko sunansa kawai aka saƙala. A takardun likitanci, na farko a jerin sunaye yawanci shi ya ɗauki nauyin aikin, na ƙarshe shi ne babban da ya jagoranta, na tsakiya kuwa akwai wanda ya yi gumi, akwai wanda girmansa aka duba. Akan yanyanka bincike ɗaya a fitar da takardu huɗu. Akwai mujallun da in ka biya za su buga ko me ka aiko. Ana ma ambaton takarda don a ƙaryata ta, kuma lissafin ba ya bambancewa. Uwa-uba, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobi da ke nuna mutum nawa likitan ya yi wa aiki suka tashi.

Amma kada a ɗauka ina cewa binciken likitan tiyata banza ne. Akasin haka nake nufi. Duk wanda aka yi wa aikin kansar ƙarshen hanji yau, a Landan ne ko a Kumasi, yana cin moriyar wasu 'yan takardu da za a iya ƙirga su da yatsu. Labarinsu ne ya koya mini yadda ake gane na ƙwarai.

Ƙarshen hanji wuri ne mai wuyar shiga. Yana can ƙasa cikin ƙashin ƙugu, kamar a gindin mazurari, ga mafitsara a gaba, ga jijiyoyin da ke riƙe fitsari da ƙarfin namiji a gefe da gefe. A 1908 wani likita a Landan, Ernest Miles, ya bayyana a mujallar Lancet aikin da ya zama ginshiƙi na tsawon shekaru: a cire ƙarshen hanjin da duburar gaba ɗaya, a fito da hanji ta gefen ciki, mutum ya ƙare rayuwarsa da jakar bahaya. Cikin mutum 12 na farko da ya ba da labarinsu, 5 sun rasu sanadiyyar aikin. Da tafiya ta yi tafiya aikin ya rage kisa, aka kuma koyi yadda za a yanke wurin ciwon a sake haɗa hanjin a bar wa mutum duburarsa. Abin da ya gagara shi ne dawowar ciwon a daidai inda aka cire shi. A wani babban gwaji da aka yi a Suwidin aka buga a 1997, kashi 27 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai ciwon ya sake tsirowa a ƙugunsu. Likitoci na tsoron wannan dawowa ƙwarai, domin tana zuwa da raɗaɗin da ke hana zama da kwanciya, kuma da wuya a warkar da ita. An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin halin ciwon, ba laifin aikin ba.

Sai ga Bill Heald. Ba a babban asibitin jami'a yake ba, a asibitin gari yake, a Basingstoke da ke kudancin Ingila. Abin da ya lura da shi shi ne, ƙarshen hanji ba tsirara yake ba. Yana naɗe cikin wani ƙunshin kitse mai ɗauke da jijiyoyin jini da kaluluwa, kuma ƙunshin yana da wata siririyar fata mai sheƙi da ta lulluɓe shi. Likitoci na kiransa mesorektum. Ƙwayoyin kansa kan fara yaɗuwa ne a cikin wannan kitse. A wancan zamani likita kan cusa hannunsa bayan hanjin ya ɓamɓaro shi da yatsu, ƙunshin ya yage, guntayen kitse masu ɗauke da ciwo su zauna a ciki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci ranar Layya zai gane wannan. Gwanin fiɗa ba ya yaƙi da nama. Akwai wata gaɓa tsakanin fata da tsoka wadda Allah ya riga ya shata, in wuƙa ta bi ta sai ka ga fata na sulluɓewa ba jini. In ya zo kan hanta kuma, a hankali yake zare maɗaciya ɗungurungum, don ya san in ta fashe ta ɓata abin da ke kewaye da ita. Haka Heald ya ce a yi: a bi gaɓar da ke tsakanin ƙunshin da bangon ƙugu, da kaifi, ido na kallo, a fito da hanjin da ƙunshinsa cif ba tare da ya huje ba, a bar jijiyoyin fitsari da na mazakuta a inda suke. Wannan shi ne aikin da ake kira TME, wato cire mesorektum gaba ɗaya. Yana cin awoyi fiye da tsohon salo, yana kuma bukatar haƙuri.

A 1982 ya buga takardar farko a British Journal of Surgery tare da abokan aikinsa biyu, Husband da Ryall. Gajeriya ce. Ta kawo mutum 5 da aka samu ƙananan ƙwayoyin kansa a cikin kitsen, santimita da dama ƙasa da inda ciwon ya tsaya a ido, ta kuma ce mutum 50 da aka yi wa sabon aikin aka bi su sama da shekara 2, babu ko ɗaya da ciwon ya dawo masa a ƙugu. A 1986 shi da Ryall suka kawo wa Lancet sakamakon mutum 115, dawowar ciwon a wurin ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba.

Ba a yarda da shi ba, kuma ni ban ga laifin masu shakka ba. Likita ɗaya ne, a asibiti ɗaya, yana ba da labarin aikin hannunsa. Wa ya san ko masu sauƙin ciwo ya zaɓa, ko ya bar masu wuya a wajen lissafi? Mai talla ba ya kushe hajarsa. Da a nan labarin ya tsaya, da babu abin da ya raba shi da bayanin da dillali ya turo a waya.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin tasirin. A wannan shekara ta 1986, wani likitan duba nama a birnin Leeds, Phil Quirke, ya ɗauki hanji 52 da aka ciro daga marasa lafiya, ya yanyanka su fale-fale a kwance, ya duba gefen da wuƙa ta bi. A 14 ya tarar kansa ta kai har bakin yankan, kuma 12 daga cikin waɗannan 14 ciwonsu ya dawo. Wato wani mutum daban, mai sana'a daban, ya nuna cewa dawowar ciwon ragowar abin da aka bari ne. Daga nan aka samu hanyar yi wa likitan tiyata hisabi: a duba abin da ya ciro, in ƙunshin sumul yake ya yi aiki, in a yage yake an gani. Sannan wani likita daga Vancouver ta Kanada, John MacFarlane, ya je Basingstoke ya zauna ya bi fayilolin Heald ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon ya fito a Lancet a 1993, lissafin ya tsaya daram. Heald ya buɗe wa baƙo littafinsa, wannan kuwa ba kowa ke iyawa ba.

Saura babbar tambaya: baiwa ce ta hannun mutum ɗaya, ko abu ne da za a iya koyarwa? A 1994 likitocin Stockholm suka fara taron horo, Heald na zuwa yana yin aikin ana haska shi a talabijin suna kallo, ana kuma koya musu duba abin da aka ciro. Da aka ƙirga aka buga a 2000, dawowar ciwon cikin shekara 2 ta sauko daga kashi 14 zuwa 15 ta koma kashi 6, waɗanda ake cire wa dubura gaba ɗaya kuma suka ragu daga sama da rabi zuwa kashi 27. Norwe ta mayar da abin shirin ƙasa tun 1993. Holan ta horar da likitocinta, sannan ta yi gwaji da mutum 1,861 inda ƙuri'a ce ke raba wanda za a yi wa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, kafin tiyata da wanda za a yi wa tiyata kaɗai. A sakamakon 2001, ciwon ya dawo wa kashi 8.2 na masu tiyata kaɗai cikin shekara 2, masu gashi kuwa kashi 2.4. Gwajin ya nuna abu biyu a lokaci guda: aikin na tafiya a hannun likitoci da yawa, kuma ko an yi shi da kyau gashi yana ƙara taimakawa.

A nan nake ganin ma'aunin gaskiya yake. Mutanen da suka rayu a Stockholm da Holan, yawancinsu hannun Heald bai taɓa su ba, wasu ma ba su taɓa jin sunansa ba. Ya ƙirga duk wanda ya yi wa aiki, har da waɗanda abin bai yi wa kyau ba. Ya bar wasu sun bincike shi. Ya bi ƙasashe yana koyarwa har aikin ya daina bukatarsa. Ya yi rubuce-rubuce da yawa daga baya, amma da za a ɗebe duka a bar waɗancan 'yan ƙalilan, da matsayinsa bai ragu ba.

Wani lokaci ma tasirin mai wuƙa shi ne ya nuna inda za a ajiye wuƙar. Angelita Habr-Gama, likitar tiyata a Sao Paulo ta Birazil, ta lura cewa wasu marasa lafiya in an yi musu gashi da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, kafin tiyata, sai a nemi ciwon a rasa. A 2004 ta buga labarin mutum 265, inda 71 ciwon ya ɓace, ta ƙi yanka su, ta sa musu ido sosai, kuma suka yi kyau. An daɗe ana kallon abin a matsayin ganganci. Yau hanya ce da ake tattaunawa da mara lafiya a manyan cibiyoyi, da sharaɗin zai riƙa dawowa a kai a kai ana leƙa hanjin ana ɗaukar hoto.

Akwai kuma inda yawan rubutu ya riga gaskiya isa. Wajen 2010 aka fito da salon yin TME ta ƙasa, a shiga ta dubura da na'ura. Takardu suka yi ta fitowa, taruka suka cika. Sai Norwe, wadda ke da rajistar da ke ƙirga kowane mai wannan ciwo a ƙasar, ta ga ciwon na dawowa da wuri kuma a wurare da yawa cikin ƙugu, ta dakatar da salon a 2018. Har yanzu ana yin sa a wasu ƙasashe a hannun waɗanda suka ƙware, ana kuma ci gaba da gwada shi. Abin lura shi ne, rajista ce ta kama matsalar, wato littafin da ba ya zaɓen wanda zai rubuta.

Yanzu mu dawo gida, domin duk wannan a ƙasashen da ke da abin da ba mu da shi aka yi.

An daɗe ana koyar da cewa kansar hanji ciwon Turawa ne. Denis Burkitt, likitan tiyatar da ya yi shekaru a Yuganda, shi ya yaɗa bayanin a farkon shekarun 1970, cewa abincinmu mai dusa da ganye da wake na kare mu. Akwai gaskiya a maganarsa, har yau masana na ƙarfafa cin irin wannan abinci. Amma magana in ta yi ƙarfi takan rufe ido, har a ga mai zubar da jini a ce basir ne ba a sa yatsa an duba ba. Likitocin ƙasar nan ne suka fara gyara zancen da ƙirga nasu. A 1994 Naaeder da Archampong na asibitin Korle Bu da ke Accra suka buga binciken shekara 5 kan kansar hanji a Ghana a cikin mujallar nan da ta buga takardar Heald ta farko. A 2010 Dakubo da abokan aikinsa suka kawo sababbin masu ciwon 359 da aka gani a Korle Bu daga 1997 zuwa 2007, adadin da ya nuna ciwon na ƙaruwa. Nan Kumasi kuma, wani bincike da aka buga a 2018 ya bi mutum 221 da aka gani a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, daga 2009 zuwa 2015, ya tarar kashi 16 cikin 100 ne suka kai shekara 5 a raye. A Amurka waɗanda ke kai shekara 5 sun haura kashi 60, in kuma an kama ciwon tun bai fita daga hanji ba sukan kai kusan kashi 90.

Na daɗe ina kallon wannan 16. Lamba ce mai ciwo, kuma ina jinjina wa waɗanda suka buga ta, domin da sun so da sun bar ta a aljihun tebur. Babban abin da ke bayanta shi ne zuwa a makare, irin na Kawu da watanninsa 8, sai kuɗin gwaji da na magani da ke sa mutum ya fara ya tsaya, sai ƙarancin injin gashi a ƙasa mai mutum sama da miliyan 30. Irin waɗannan takardu ba za a ambace su sau dubu ba. Masu bincike a Turai ba su da dalilin kafa hujja da abin da ya faru a Kumasi, saboda haka ma'aunin h na likitanmu zai kasance ƙarami ko da shi kaɗai ya san amsar tambayar da ta dame mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma lissafin ambato ba a ɗakinmu ake yin sa ba.

Kuma yin bincike a nan ba ƙaramin aiki ba ne. Likitan da ya fita daga ɗakin tiyata da dare, gobe yana da layin marasa lafiya tun asuba, shi ne zai zauna ya tono fayil na takarda. Mara lafiya ya koma ƙauye, ya canja lambar waya, ko ya rasu a gida ba wanda ya sanar da asibiti. Ba za ka iya cewa mutum nawa suka kai shekara 5 ba sai ka san inda kowannensu yake. Shi ya sa rajistar masu kansa da aka kafa a Kumasi a 2012 take da daraja a idona fiye da yadda ake ba ta.

Wani salon binciken kuma ya shigo wanda ke birge ni, na hannu da yawa. Wani gagarumin nazari da aka buga a Lancet a 2021 ya tattara marasa lafiya kusan 16,000 daga ƙasashe 82, ya nuna cewa wanda aka yi wa tiyatar kansar hanji a ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ya ninninka na ƙasa mai arziki haɗarin mutuwa cikin kwana 30, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin kayan da za a gane matsala bayan aiki a ceto mutum da wuri. Wani gwajin mai suna CHEETAH, da aka yi a ƙasashe 7 har da Ghana da Najeriya da Benin, ya tambayi abu mai sauƙi: in likita ya canja safar hannu da kayan aiki kafin ya ɗinke ciki, ruɓewar ciwo za ta ragu? Da mutum sama da 13,000 aka gwada, ta sauko daga kashi 18.9 zuwa kashi 16. Farfesa Stephen Tabiri na Tamale ne ya jagoranci reshen Ghana na haɗakar likitocin da ta yi wannan gwaji. Irin waɗannan takardu da sunan ƙungiya suke fitowa, sunayen ɗaruruwan likitoci da nas-nas na can ƙarshe da ƙananan baƙaƙe. Canjin safar hannu da kayan aiki ne kawai, kuma asibitin gunduma ma zai iya aiki da sakamakon gobe da safe.

Da na koma wurin Kawu, ban ce masa likitan ƙasar waje ba gwani ba ne. Yana iya zama gwanin gaske, kuma mai yawan bincike sau da yawa yana aiki ne a cibiyar da ke da kayan aiki da tsari. Abin da na faɗa masa shi ne, takardu 300 sun shaida mutumin yana rubutu, amma hannunsa sai an tambaya da wasu tambayoyin. Na kuma nuna masa cewa wannan ciwo ba aikin rana ɗaya ba ne. Akwai gashi, akwai kemo, akwai shekara 5 na komawa ana dubawa, kuma in ɗinki ya yi yoyo ko hanji ya toshe da tsakar dare, likitan da ke kusa ne zai tashi. Kuɗin filin Tafo zai iya kai shi ya dawo da shi, ya bar shi ba ko sidi na sauran tafiyar.

Muka je wurin likitan da ya fara ganinsa, ni da shi da ɗansa. Na tambaye shi irin wannan aiki nawa yake yi a shekara, ya faɗa ba tare da ɓata rai ba. Na tambaya ko za a ɗauki hoton MRI na ƙugu kafin a taɓa shi, tunda da shi ake ganin ko ciwon ya matso bakin ƙunshin. Ya ce dole ne, kuma shi da likitan gashi da mai karanta hoto da mai duba nama za su zauna a kan fayil ɗin kafin a yanke shawara. Na tambaya ko rahoton abin da aka ciro zai faɗi yadda ƙunshin ya fito, da ko gefen yankan a tsaftace yake, da kaluluwa nawa aka samu. Sai ya ɗago ya dube ni, ya jawo takarda, ya zana hanjin da ƙunshinsa, ya ja layi da biro a inda wuƙa za ta bi. Layin Basingstoke ne, a kan teburin wani ofis mai fanka a Kumasi.

Damuwar Kawu ba ta kan layin ba ce. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Likita, jakar nan fa? Yaya mutum zai tsaya a sahu da najasa a jikinsa?" Likitan ya ce yana sa ran ta wucin gadi ce, ta 'yan watanni, don a huta wa ɗinkin har ya kama, sannan a mayar da hanjin, ko da yake ba zai yi alkawari ba sai ya ga abin da gashi ya yi wa ciwon. Batun salla kuwa limamin unguwarmu ya riga ya warware mana, ya ce mai irin wannan lalura hukuncinsa hukuncin mai uzuri ne, kamar mai yoyon fitsari, sallarsa ta yi. Na san mutanen da tsoron jakar nan ya sa suka gudu daga asibiti, ba a sake ganinsu ba sai da ciwon ya gama cin jiki.

Kawu ya yi shiru yana murza carbi. Mutum ne da bai taɓa ɗora huhun goro a mota ba sai ya rubuta shi a littafi, wanda ya isa lafiya da wanda ya ruɓe a hanya. Can ya ce, "To likita, waɗanda ka yi wa aikin nan, kana rubuta su? Har waɗanda suka rasu?" Likitan ya ce yana rubutawa, wahalarsa ita ce waɗanda ke tafiya ba a sake jin ɗuriyarsu. Kawu ya gyara zama. "Ni ka rubuta ni. Ko na tashi ko ban tashi ba, yaron nan zai zo ya faɗa maka."

Likitan ya buɗe fayil, ya karɓi lambar waya uku, ta Kawu da ta ɗansa da tawa, ya rubuta takardar hoton ƙugu, ya ce mu dawo da shi ranar Talata.